Kwata Uku

Shekara tara nake riƙe da alli
a firamaren Tsamiyar Gwani, gabas da Auyo,
a ajin da iska ta yaye wa kwano tun bara waccan.
Na ɗauka ni ne rijiyar garin,
yara kuwa tuluna ne wayam,
sai abin da na ɗura.

Sifili uku na zana wa Ladidi a mako guda,
manya, da jan biro, kamar bakin turmi.
Na ce, "Rabi a tara da ɗaya bisa huɗu?"
Ta dubi allo, ta dubi ƙafarta,
ta soma cizon bakin hijabi.

Ranar kasuwa na je sayen man gyaɗa.
Kakarta ta tafi salla, ita ce kan kwalabe.
Mutum uku a kanta:
wannan rabin kwalba yake so,
wancan ana binsa na makon jiya,
na ukun ya miƙo dubu ɗaya, yana sauri.
Ba ta ƙirga yatsa ba.
Ta sallami kowa, ta ɗago kai:
"Malam, kwata uku?
Ai rabi ne da kwata. Kawo kwalbarka."

Na tsaya da kwalba a hannu
kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci.

Da la'asar na yi sallama gidansu.
Iya Kande na murza tunkuza, gumi har gwiwar hannu.
Na ce na zo ɗaukar karatu.
Ta yi dariya har ta nemi zama:
"Ni da ban taɓa hawa benci ba?"
Bakinta na musu, hannunta na awo.
Tiya kaza, kwalba kaza,
gyaɗar jigawa ta fi ta fadama mai,
wadda ta sha ruwan ƙarshe sai a rage mata buri.
Na cika shafi huɗu. Ta ce in ci ƙuli.

Litinin na shiga aji da mazurari da kwalabe.
Laraba Mati ɗan masunta ya tashi,
wanda ban taɓa jin muryarsa ba sai a rajista,
ya faɗa mana yadda kogi ke sauya launi
kwana uku kafin ya hau gonaki.
Bappa na bencin baya ya jero sunan shanunsu sha bakwai,
kowace da kamarta, kowace da halinta.
Wata guda ina fama da darasin siffa,
ashe yana can yana kiwonsa a daji.

Hedimasta ya leƙo ta taga:
"Malam Zubairu, aji ne ko rumfar kasuwa?"
Na ce ya shigo ya auna kwata.
Ya zubar da rabi a kan takalminsa.

Ba zan ce komai ya gyaru ba.
Kwanon nan har yau ba a mayar ba,
Ladidi na rubuta uku tana kallon baya,
kuma masu jarrabawar birni
ba su san Iya Kande ba.

Amma yanzu in yaro ya yi shiru gaban allo,
nakan rufe jan biro, in sa a aljihu,
in ce, "A gidanku, yaya ake yi?"

Rajistata na ƙanshin man gyaɗa.
Na bar ta haka.