Mahaƙa Uku, Rijiya Ɗaya

A Tawa, a ɗakin haya bayan tasha,
ina rubuta littafi kan rijiyar ƙauyenmu.
Damina biyu ke nan ban wuce babin farko ba.

Kakata Cima ta ce maharbi ne ya haƙa ta.
Kwana bakwai yana bin barewa, kibiya a cinyarta,
inda ta durƙusa ƙasa ta yi danshi,
ya ajiye baka, ya ɗauki dagi.
Tana faɗa tana tsinke zogale, ko kai ba ta ɗago ba.

Nomau makaho ya ce ina!
Baiwa ce, ta gudo daga ayarin gishiri,
da farce ta tona,
sunanta kuwa da gangan aka binne
don kada masu gari su sha ruwa da kunya.

Na hau mota har Yamai,
aka buɗe mini kundin kumandan:
bukka arba'in da ɗaya, jaki tara, rijiya ɗaya
"wadda muka sa aka haƙa."
Layin da ke ƙasa gara ta cinye.
Ta cikin hujin ina hango yatsana.

A lakkol an ce duk ɗiyan ƙasa ɗaya ne mu,
muka tsaya ƙyam gaban tuta, muka rera.
Ba wanda ya tambayi malam
wa ya fara jin ƙishirwa.

Sai na zaunar da su ukun a bakin rijiya.
Maharbi na wanke kibiya,
kumandan na ƙirga guga yana ɓata lissafi,
ita ba ta ce uffan ba,
ƙasa take cirewa daga farce.
Na raɗa mata suna, na goge.
Na sake, na goge,
har takardata ma ta huje.

Jiya ƙanena ya kira:
an kafa famfo mai hasken rana,
an rufe rijiyar da siminti saboda yara,
ga allo da sunan wata ƙungiya da shekara.
Ya ce, "To marubuci, an hutar da kai."

Na kashe waya, na tsoma moɗa a randa,
na sha har ya zubo mini a gemu.
Ruwan da ɗan ga-ruwa ya kawo ne da asuba,
kamar kullum, shekara biyu.
Shi ma ban taɓa tambayar sunansa ba.