Akwatin Kawu Tanimu

Ran da muka share ɗakin Kawu Tanimu,
bayan an watse sadakar arba'in,
na jawo wani akwati a ƙarƙashin gadon ƙarfe,
gara ta cinye masa gindi.
Nauyinsa ya sa na zaci kuɗi ne.
Ashe haruffa ne.

Na katako, kowanne ya cika tafin hannu,
duk sun juya baya kamar masu fushi,
don a birkice ake sassaƙa su,
sai sun sha tawada sun taka takarda suke shiryuwa.
Ga S da wuyan balbela,
ga B ta ci ta ƙoshi, tumbi kan tumbi,
R ta ja jela har ƙarƙashin maƙwabciya
ba ko sallama.
Kowanne da inuwarsa a gefe guda,
kamar a garinsu kullum hantsi ne.

Kekensa ya bayar ya karɓo su a Kano,
shekarar da wata maɗaba'a ta rufe,
ya iso Gujungu a bayan motar gyaɗa
yana rungume da su kamar jinjiri.

Sai dai wanda ya sassaƙa su bai ji Hausa ba.
Babu ɓa, babu ɗa, babu ƙa.
Aikin farko da ya buga wa Hajiya Tabawa
ya fito MASAUKIN BAKI,
'yan tasha suka yi mako suna tambaya
ko haƙora ma suna biyan kuɗin kwana.
Daren nan ya ari askar wanzami,
ya samo ɓallin maɗaci,
ya fere ƙugiya, ya liƙa wa K da ƙaro.
Ga ta nan har yau, ta fi uwar jikin duhu.

Da su aka kira bikin iyayena.
Da su aka yi cigiyar raƙumin Ɗan'azumi,
aka sa suna a buhunan riɗi,
aka shelanta kokawar bayan girbi.
Ranar Lahadi, wanda bai yi boko ba ma
yakan tsaya gaban bugun Kawu,
ya ce wannan rubutu ya sha ado kamar gaban riga.

Yanzu yara na zuwa Gumel da waya,
su dawo da leda mai sheƙi,
baƙaƙe sirara kamar sun tashi daga jinya,
damina ɗaya ta wanke su.

Na kankaro baƙin tukunya, na kwaɓa da man gyaɗa,
na shafa wa Ƙ, na danna a bangon zaure.
Ta fito, ƙugiyar ta ɗan karkace.

Mutumin da ya buga sunan kowa a garin nan
yana can gabas da kasuwa,
ba harafi ko ɗaya a kansa,
sai fasasshen tulu da na gane shi da shi.