Ranar Talata a Alfama

Ranar Talata nake komawa gidanmu
da bokiti da tsumma.
Jirgin ruwan ƙarfe shida ke ƙetaro da ni daga Barreiro,
ni da sauran waɗanda Lisbon ta tauna ta furzar.

A bakin ƙofa an kafa ɗan akwatin ƙarfe.
Huɗu, bakwai, ɗaya, tara, sai ya tofo mabuɗi.
Shekara hamsin da ɗaya ban taɓa kulle ƙofar nan ba.
Graciete ta bene kan faɗo ba sallama,
"Ermelinda, ɗan gishiri,"
ta tafi da gishirin, ta bar mini labarin unguwa kaf.

An ce baƙo raɓa ne.
To, raɓar nan ta yi ambaliya.
Tayoyin akwatuna na gurnani a kan duwatsun lungu,
wannan kwana biyu, wancan kwana uku,
gari cike da baƙi, ba mai masauki.

Takardar ƙarin haya da ladabi ta zo.
Na karanta ta a tsaye,
na sake karantawa a zaune.

Shagon Amílcar, inda muke cin bashin kifi da gawayi
har ƙarshen wata,
yanzu gwangwanayen sardin yake sayarwa masu zanen ado,
na ajiyewa a kanta, ba na ci ba.

Igiyar shanyata kam sun bar ta.
Sun rataya mata farin mayafi da riguna biyu
da ba wanda ya taɓa yin gumi a ciki.
Don hoto.

A jikin ƙyauren kicin
akwai inda na riƙa tsaga tsawon Custódio da wuƙa.
Sau uku suna shafe wurin da fenti,
amma yatsa ya fi ido tuna abu:
ga shekara shida, ga tara,
ga damunar da ya kere ni.

Yau wata yarinya ta iso da wuri,
kuncinta ja wur saboda hawan tudu, mai fara'a, ba ruwanta.
Ta yi magana cikin waya, wayar ta tambaye ni da harshena:
"Ina 'yan asalin unguwar nan suke cin abinci?"

Na ja ta bakin taga,
na nuna mata can ƙetaren kogi.
Ta ce kai, da kyau,
ta ɗauki hoton ruwan.