Tama da Takobi

Daren Asabar a Barnawa, an ɗauke wuta,
muka kewaye tebur da fitilar caji.
Taswirar ƙasar da babu ita a duniya
na shimfiɗe a bayan tsohuwar kalanda.
Ni ke jan labarin, ni ne alƙalin wasa.

Kyauta ta ce, "Bokanyata ta tsinci tama a kogo.
Zan tofa mata kalma uku, ta zama takobi."
Ta jefa ɗan lido mai fuska ashirin,
ya gangara, ya bugi kofin shayi,
ya tsaya a sha tara.

Na buɗe littafin dokoki.
Bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Tanimu ya tuntsire da dariya, shi da ke wuni a Panteka,
hannunsa duk tabon walda.
"Tama ba ta jin magana, 'yar'uwa.
Sai ta sha wuta, ta zubar da kashinta,
ta sha guduma har maƙwabta su kai ƙara.
Jiya na mai da ƙofar mota murhu,
kuma ba da baki na yi ba."

"To mene ne amfanin sihiri," in ji ta,
"in sai na yi gumi irin naka?"

Sai na tuna Baba, shekara ashirin a masaƙar Kakuri.
Auduga ta shiga ta nan, atamfa ta fito ta can,
muna yara muna cewa aljanu ne a ciki.
Ranar da aka garƙame ƙofa
aljanun suka tako gida da ƙafa,
ɗayansu ya kwana yana tari a ɗakinmu.

Na ce, "Ga hukunci.
Sihiri na gajarta hanya ga wanda ya san hanya.
Bokanyarki ta taɓa zuga zugazugi?
Ta san launin ƙarfe idan ya nuna?"

Ta duba takardarta. "Kiwon awaki ta yi."

"To kin sami wani dogon abu mai kaifi,
zai lanƙwashe a sara na biyu."

Ta harare ni, ta ɗauki fensir,
ta rubuta: wata shida a maƙerar wani tsoho.
Tanimu ya ce shi ne tsohon,
kuma ba zai koyar da Kyauta kyauta ba.

Wuta ta dawo.
Babu wanda ya tuna da kashe fitila.