Makullin Yana Aljihuna

Ni ne mai gadin asibitin Rafin Marke.
Shekara tara ina kwana a bakin ƙofarsa,
na san kukan kowane ƙyaure,
na san inda rufi ke yoyo in damina ta kankama.

Ran Talata sai ga mota da fenti,
aka shafe bango fari fat,
har gidan zanzaro bai tsira ba.
Ran Laraba aka aro gadaje huɗu daga Birnin Kudu,
katifu ko ledarsu ba a cire ba,
aka jera kwalayen magani a kanta.
Na ɗaga ɗaya, iska ce a ciki.
Aka ce, Baba Tanimu, gobe kwamitin majalisa zai zo,
ka sa wankakkiyar riga, ka ja bakinka.

Na sa rigar.

Sun iso bayan azahar, mota biyar.
Shugabansu wani siriri ne mai tabarau,
Lurwanu aka kira shi.
Ya dafa bango, tafinsa ya fito fari.
Ya dubi hannun, ya dubi darakta,
ya ce a kawo rajistar magani.
Darakta ya ce tana ofis.
A buɗe ofis.
Ai mai makulli ya tafi jana'iza.

Makullin yana aljihuna, yana cizon cinyata.

Ina da ɗa, Isiyaku.
Injin ban-ruwa ya ɓace a fadama
aka ce an ga sawunsa.
Shekara uku yana jiran shari'a.
Yau alƙali ya yi tafiya,
gobe motar fursuna ba mai,
jibi takardunsa sun yi ƙafa.
Ɗakin mutum goma, su arba'in ne,
in za a juya sai a juya tare,
numfashin wani shi ne iskar wani.
Ranar da injin ya fito a gidan surukin mai injin
aka buɗe masa ƙofa, ko sannu babu.
Ya dawo da riga ɗaya da tari.
Tarin ya bi matarsa,
yanzu yana ƙwanƙwasa ƙirjin jikata Ladidi.
A asibitin da nake gadi
farasitamol suka ba shi, ƙwaya shida.

Na zura hannu a aljihu.
Ranka ya daɗe, na ce, jana'izar ba a yi ta ba tukuna,
amma ta kusa.

Rajista ba ta iya kara ba.
Wata takwas rabon da maganin tarin fuka ya shigo.
Lurwanu ya zaro wata takarda,
ya karanta kuɗin da suka sa wa hannu bara,
lambar da ta fi ƙarfin ƙirgena.
Ya tambayi sunan ɗana, da na gidan yarin,
da ranar da aka kama shi.
Ya rubuta. Biro ya ƙafe, ya ari na darakta.

Ran Juma'a aka zo aka kwashe gadajen.

Sati uku bayan nan, ina shan koko,
na ji sunan Isiyaku a rediyo
daga zauren majalisa,
kwamishina biyu a tsaye suna in-ina,
ana tambayarsu mutum nawa ke jiran shari'a
da mutum nawa ke tari a cikinsu.
Ba su da lissafi. Aka ba su wata guda.

Kwali ɗaya ya iso, wannan karon da nauyi,
ni na sauke shi da kafaɗata.
Albashina kuwa wata biyu ke nan ana dubawa.

Isiyaku na shan ƙwayarsa kullum da asuba.
In ya haɗiye sai ya yi shiru,
ya shiga lissafo su da yatsu:
Barau, Ɗanjuma mai faci, tsoho Nomau,
wanda ke kwana a bayansa, da na gabansa.
Wata gudan ya cika jiya.
Na sayi sabon batir, na kunna rediyo.