Mai Kayan Ciki

Shekara goma sha tara ina Oko-Oba.
Kafin ladanin Agege ya gyara murya
hannuna na cikin baho,
ina juya tumbi, ina tsefe hanji.
Sunana Sallau, amma a mayanka
ba mai kira na sai Mai Kayan Ciki.

Na san hanta mai lafiya daga sheƙinta.
Na san matsarmama, 'yar jakar ɗaci,
in wuƙa ta kuskure ta, cinikin ranar ya ɓaci.
Na san tumbin sa ɗaki huɗu ne,
na sha zaro leda da igiya daga can.
Amma nawa cikin da nake yawo da shi,
ko sau ɗaya ban ce masa ba: yaya aiki?

Karin kumallona goro ne.
Da hantsi shayi, suga cokali huɗu,
da burodi rabi, a tsaye.
In ƙugu ya riƙe, ƙwaya biyu daga tiren Ɗan'iya,
in haɗiye su da ragowar shayi mai sanyi.
Sai dare, in na dawo a matse cikin danfo,
in danna taliyar leda da yaji, in faɗi a ɗaki.

Ran wata Laraba wuta ta kama ƙasan ƙirjina,
na durƙusa tsakanin jini da ruwan famfo.

A asibiti, Sista Morenike, haifaffiyar Tudun Wadan Zariya,
Hausa a bakinta kamar ta gyatumata,
ta juya bayan katina ta ja biro.
Ta ce, nan ne tasha ta farko: baki.

Haƙori ya niƙa, yawu ya jiƙa,
tun a nan tuwo ke fara narkewa,
kai kuwa kana jefa loma kamar ana kora.
Maƙoshi ya tura ta ƙasa, matsa bayan matsa.
Tumbi ya karɓa, ya dama ta da ruwa mai tsami
wanda zai iya cin naman tumbin kansa
ba don majinar da ta shafe bangon ba.
Ƙwayoyin Ɗan'iya suna kankare wannan shafe,
akwai kuma ƙwayar cuta da za mu auna.
Su ne suka buɗe maka miki.

Ta ja layi mai lanƙwasa, ta sake lanƙwasa shi.
Na ce, Sista, tsaya, wannan ai na san shi.
Kullum ina auna irinsa da gaba.
Ta yi dariya. Ta ce to a nan ake sauke kaya:
ɗacin da kake tsoro shi ke farfasa maiƙo,
hanji ya tsotse, jini ya ɗauka,
hanta ta tantance kamar mai karɓar kuɗin ƙofa,
sannan a raba wa ido, da ƙashi, da sauran jiki.
Babban hanji ya janye ruwa,
abin da ya saura ya nemi hanya.
In ba ganye, in ba wake,
cunkoson Oshodi wasa ne a kan naka.

Na yi shiru ina kallon zanen.
Hantar da nake sayar wa matan Ikeja don ƙarin jini
ban tuna ranar da na ɗanɗana ta ba.
Abin kunya ne ko abin mamaki?

Yanzu da safe koko da ƙosai, a zaune.
Da rana wake da manja wajen Iya Basira,
ta zubo alayyahu, in ƙara da gwanda.
Ɗan'iya ya daina gaishe ni da fara'a.
Goro dai ban bari ba, kada in yi ƙarya,
sai dai ya jira abinci ya riga shi.

Jiya na wanke hanjin wani bijimi,
na daɗe riƙe da shi yara suna jira.
Na tauna lomar dare sau ashirin, ina ƙirgawa,
har abokin kwanana ya yi tsaki.