Hannun Hagu

Daren Laraba a Saskatoon, tara da kwata,
ƙanƙara ta binne motoci har wuyan taya,
mu muna ciki, a tsohon ɗakin ajiyar hatsi
da aka shimfiɗa wa ciyawar roba, aka kafa masa raga.

A ƙofa akwai takarda, danshi ya ci kusurwarta,
dokoki da rubutun Delphine, mai karɓar kuɗin rajista:
Ba zamiya a ƙafar mutum, kowa gobe yana da aiki.
Takalmi mai ƙusa ya kwana a mota.
A cire zobe da sarƙa, a ɗaura wa ƙwauri kariya.
Mata biyu a fili, in babu ku buga da giɓi.
Ƙwallo in ta taɓa rufi, ta tashi daga taku.
Mai zagi, shuɗin kati, minti biyu a benci ya huce.
Ta ƙarshe ta fi gajarta: ku gaisa kafin ku fita.

Ni ne Orest, direban bas, hamsin da uku,
gwiwata tana kuka kamar ƙyauren da ya manta mai.
Sunan ƙungiyarmu Gwiwoyin Aro.
Ba mu taɓa ɗaukar komai ba, sai mura.

A daren alƙali bai zo ba,
hanyar Warman ta toshe, ya bugo yana ba da haƙuri.
Delphine ta rataye usur a ƙusa, ta ce,
"Ku manya ne. Kowa ya hura wa kansa."

Huɗu da huɗu. Saura minti, ko bai kai ba.
Marivic, wadda ta taso daga asibiti
da shatin takunkumi har yanzu a kumatunta,
ta yanke Wendell, ta yanke ni, na juyo a guje,
ta ɗirka. Harjot ya faɗi dama, ƙwallo ta bi hagu,
ni kuma ina kan layi.

Ta dawo fili. Aka yi ihu: ƙirji! ƙirjin Orest!
Har wani ya daki bayana.

Ba ƙirji ba ne.
Tsintsiyar hannuna ce ke zafi, can ƙasa,
inda babu idon da ya kai.
Kuma ba ƙwallo ce ta zo wa hannun ba,
shi ya je mata, da kansa, kamar ɓarawon da ya san gida.

In na yi shiru mun haye zagaye na gaba.
A can me ake rabawa? Riga mai tambarin shagon taya
da kofin roba fentin zinariya.
Na so rigar. Kada in yi muku ƙarya, na so ta.

Bara ma na yi irinta, na haɗiye,
ta zauna mini a maƙogwaro har ƙanƙara ta narke.
Don haka ba nagarta ba ce, barcina nake tausayi.
Na ɗaga shi, mai laifin, sama da kaina.
Na ce, "Hannu."

Fankar rufi kaɗai ke magana.
Wendell ya dube ni kamar na sayar masa da mota ba birki.
Marivic ta ajiye ƙwallo a ɗigo,
ba ta yi mini godiya ba, ba ta kuma sassauta ba,
ta buga inda gizo-gizo ke saƙa.
Biyar da huɗu.

Muka jeru, tafi yana bin tafi, gumi yana gaisa da gumi.
Wendell ya matse nawa fiye da yadda doka ta nema.
Bai ce komai ba. Mako mai zuwa
shi ne dai zai kawo lemo, layinsa ne.

Biyar na asuba na tayar da bas,
gilashi fari fat, titi ba kowa.
Na ɗora hagu a kan sitiyari.
Wurin ya yi ja, yana ɗan zogi,
na bar shi ba safa har tasha ta uku.